Ina Son Buɗe Wurin Motsa Jiki, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Malam, na samu babban shago a unguwarmu a Kano, ina son mayar da shi wurin motsa jiki. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya albarka. Kafin ka sayi ƙarfe ko ɗaya, duba iska. Ɗakin da ba shi da tagogi masu fuskantar juna da fankoki, zafin Afrilu kaɗai zai kore maka jama'a.

Sai batun wuta. Injin gudu yana shan lantarki, kuɗin man janareta kuma zai cinye ribar. Fara da ƙarafan ɗagawa da kekunan da ba sa buƙatar wuta. Benci da maratayar ƙarafa kuwa, ƙwararren mai walda zai ƙera maka. Shimfiɗa roba mai kauri don kada ƙarfe ya fasa daɓe, ka bar sarari tsakanin na'urori.

Ka ware wa mata lokacinsu, da mace mai horar da su. Ka tanadi banɗaki mai tsabta, ruwan sha, wurin sallah da akwatin agajin gaggawa, sannan ka yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC.

Fara da kaɗan mai inganci. Lafiyar mutane amana ce a hannunka, ka riƙe ta da kyau.