Faktori biyu a kwantena ɗaya: na ƙarshe ne ke ci

Saura kwana uku in yi difens na furojet, manhajar da na rubuta da C# ta kusa kunyata ni. Aikinta shi ne sanar da ɗalibi idan sakamakonsa ya fito, ta saƙon tes ko ta imel. Da na gwada, sai na ga kowa imel yake samu, har waɗanda suka zaɓi tes. Kuma allo bai nuna kuskure ko ɗaya ba.

Ga inda gizo ke saƙar. A tsarin difendensi injekshan, kilas ba ya ƙera abin da yake buƙata da kansa, kwantena ce ke miƙo masa. Faktori kuwa ɗan guntun kod ne da kake ba kwantena, mai faɗa mata yadda za ta haɗa abin. Ni na yi rajistar faktori biyu da AddScoped a ƙarƙashin intafes ɗaya: na tes tukuna, sannan na imel. To a .NET, idan kilas ya nemi guda ɗaya alhali an yi rajistar biyu, wanda aka rubuta daga ƙarshe za a ba shi. Kwantena ba ta ɗauki wannan a matsayin laifi ba, shi ya sa ta yi gum.

Gyaran hanya biyu ne. Idan duka kake so su yi aiki, nemi IEnumerable na intafes ɗin, za ta kawo maka su bisa jerin da ka yi rajista. Idan kuwa zaɓa za ka yi, ba kowane faktori makullinsa. Tun .NET 8, wanda ya fito a Nuwamba 2023, akwai AddKeyedScoped. Na sa wa ɗaya "tes", ɗayan "imel", sannan na riƙa kiran GetRequiredKeyedService da makullin da ɗalibi ya zaɓa. Layi huɗu kacal na canza.

Wata gaɓar kuma ita ce tsawon rai. Kada ka cusa abin da ka yi wa rajista da AddScoped cikin wanda ka yi wa da AddSingleton, don zai riƙe shi har manhajar ta mutu, bayanan wani ɗalibi su iya haɗuwa da na wani.

’Yan’uwa masu furojet a bana, kafin ku shiga gaban malamai, ku gwada kowane faktori shi kaɗai, ku ga da idonku wanne kwantena ta miƙo. Ni dai Allah ya rufa mini asiri da kwana uku.