Hukuncin Ciyar Da Ƙaramin Yaro Mai Ƙin Karin Kumallo

Godiya ta tabbata ga Allah Mai ciyar da bayinSa, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata mas'ala wadda ake gani ƙarama, alhali kuwa tana ta da hankalin gidaje da yawa kowace safiya, watau yaro ɗan shekara uku zuwa biyar wanda za a kai makaranta, a ba shi abin karin kumallo ya kau da kai.

Abin ya fi tsanani a karkarar noman rani irin ta Kura da Bunkure da Garun Malam. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, manomin wannan yanki ba shi da sauran hutun rani: da damina shinkafa, da rani kuma alkama da tumatir da albasa. Magidanci yana sallame sallar asuba sai ya nufi gona ban ruwa, uwargida kuwa ga aikin gida ga turara shinkafa. A 1976, da aka fara shirin ilmin firamare kyauta, sai yaro ya shekara shida ake sa shi makaranta. Yanzu kuwa ɗan shekara uku ma ana rataya masa jaka ya tafi ajin share fage. To, a cikin wannan gaggawa, idan yaro ya ƙi ci, ɗayan biyu ake yi: ko a tilasta shi, ko a sake shi ya tafi da yunwa. Duka biyun kuskure ne.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne ciyar da yaro wajibi ne a kan ubansa. Aya ta 233 a cikin Suratul Baƙara ta ɗora wa uba ciyar da mai shayar da ɗansa da tufatar da ita gwargwadon hali. Ibn Abi Zaid ya bayyana a cikin Risala cewa ciyar da 'ya'ya ƙanana waɗanda ba su da dukiya yana kan uba, maza har su balaga, mata har su tare a ɗakin mazajensu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa tozarta wanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi. Saboda haka magidancin da ke kai kwandunan tumatir Kwanar Gafan, amma ɗansa ya tafi makaranta da kuɗin alawa kaɗai a aljihu, bai sauke nauyin da ke kansa ba. Yaron da ya kwana bai ci kome ba tun tuwon dare, ya wayi gari ya shiga aji haka, gyangyaɗi da kuka za su hana shi riƙe karatu.

Abu na biyu, wajibin shi ne a samar da abinci mai kyau a kan lokaci, a kuma yi dabarar da yaro zai ci. Shari'a ba ta ce a danne shi ba. Al'adar ɗura, watau a kwantar da yaro a toshe masa hanci a kwarara masa kunu, tana da haɗari babba, domin kunun yakan bi hanyar numfashi ya shiga huhu, yaro ya ƙware, wani ya kamu da ciwon huhu, wani ma ya rasa ransa. Cutarwa kuwa haramun ce. Duka ma ba shi da gurbi a nan. Salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, hadisin Abu Dawuda ya nuna sai yaro ya shekara bakwai ake umurtarsa da ita, ba a kuma horonsa a kanta sai ya kai goma. To, ina hujjar wanda ya ɗauki bulala ga ɗan shekara huɗu a kan kofin koko?

Abu na uku, hanyar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce sauƙi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Umar ɗan Abu Salama, wanda agola ne a gidan Annabi, cewa yana yaro hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai Annabi ya kira shi a hankali, ya koya masa ambaton sunan Allah, da ci da dama, da cin abin da ke gabansa. Umar ya ce haka ya ci gaba da ci har girmansa. A lura, yaron tare da babba yake ci a akushi guda. Yaro yakan ci abin da ya ga ana ci, kuma ya zo a hadisi cewa albarka tana cikin haɗuwa a kan abinci. Uban da zai zauna minti goma ya sha koko da ɗansa kafin ya tafi ban ruwa ya yi abin da tsawa ba ta yi.

Haka kuma ƙin wani abinci ɗabi'a ce ta ɗan Adam. An kawo wa Annabi naman damo a ɗakin Maimunatu, ya janye hannunsa, ya bayyana cewa ba haramun ba ne, ransa ne bai saba da shi ba, Halidu ɗan Walidu kuwa ya ci a gabansa. Idan yaro ya ƙi koko, sai a gwada masa kunun gyaɗa, ko ɗumame, ko waina, ko ƙosai, ko dafaffen ƙwai. Tsararon koko ba ya gina jiki, sai an haɗa shi da gyaɗa ko waken suya ko ƙosai. A zuba masa kaɗan, domin cikinsa ƙarami ne, ganin tulin abinci ma yakan kashe masa sha'awa. Abin da ya rage a ƙunsa masa ya ci a makaranta lokacin tara.

A guji yaudara da tsoratarwa. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amiru ta kira shi da alkawarin za ta ba shi wani abu, Annabi ya tambaye ta mene ne, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. Mai cewa yaro ya cinye za a saya masa keke, ko ya ci kada dodo ya zo, sai ta auna maganarta da wannan.

Abu na huɗu, a binciki dalili. Yaron da ya yi hira har tsakar dare, aka tashe shi da magagin barci, ba zai ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2019 cewa ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare. A kwantar da shi da wuri, a tashe shi da wuri, a wanke masa fuska da hannu, a ba shi ɗan lokaci kafin a kawo abinci, kada kuma biskit ya riga abinci shiga cikinsa. Sa'an nan ƙasar fadama ƙasar sauro ce, yara kuma suna wasa a magudanan ruwa inda ake ɗaukar tsargiya. Zazzaɓin cizon sauro, da tsutsar ciki, da ƙarancin jini, da miki a baki, duk suna hana yaro ci. Idan ƙin cin ya ɗauki kwanaki, ga rama, ko zafin jiki, ko ɗashewar idanu, ko jini a fitsari, to a kai shi asibiti, domin neman magani yana cikin haƙƙinsa.

Wannan aiki na uba da uwa ne tare, kowannensu makiyayi ne abin tambaya a kan kiwonsa, kuma lomar da aka sa a bakin iyali da kyakkyawar niyya sadaka ce. Allah Ya raya zuriyar Musulmi, Ya ba iyaye haƙurin renonsu, Ya sa albarka a gona da akushi. Allah ne Mafi sani.