Kwaɓi Ya Ƙi Daidaita? Ki Fara Duba Awon Fulawarki

Idan Sallah ta ƙarato ko ana shirin gara, tambayoyin da ke zuwa mini daga matan cikin birnin Zazzau kusan iri ɗaya ne. Wata daga Kwarbai ta ce cincin ɗinta ya yi tauri har yara sun ƙi ci, alhali da wannan awon ta yi na watan Agusta ya yi kyau. Wata daga Limancin Kona ta ce ta bi bayanin kek da ta gani a waya daki-daki, kofi uku aka ce kofi uku ta zuba, amma ya fito a cushe, sai da shayi yake wucewa. Ta uku tana suyar fanke a ƙofar gida, ita kuma so take ta ji ko za ta iya surka fulawa da garin dawa ko na masara, don tsadar buhu na neman cinye mata uwar kuɗi.

Dukansu uku maganarsu ta shafi awo, don haka daga nan za mu fara.

Kofin da ake nufi a yawancin bayanan girkin da suka fito daga Amurka yana cin ruwa mililita 240. Idan aka tankaɗe fulawa, aka zuba ta a ciki da cokali, aka shafe bakin, za ta kai giram 120 zuwa 125. Idan kuwa aka cusa kofin cikin buhu aka ɗebo, aka ɗan bubbuga gindinsa, tana iya kaiwa giram 150 ko fiye. A kofi uku ke nan an yi ƙarin kusan giram 90 ba tare da an sani ba, kuma wannan ya isa ya busar da kek. Gwangwanin madara da muka saba awo da shi bai kai kofin ba, abin da yake ɗauka a shafe bai wuce giram 90 ba, in an yi masa tozo kuma sai yadda hannun mai awo ya ba da. Mudu kuwa kowa ya san ba ɗaya ba ne daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma tozon mai sayarwa daban, na mai saye daban.

Shawarata ta farko ita ce ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir. Kuɗinsa bai kai asarar kwaɓin gara ɗaya ba. In hakan bai samu ba, ki ware gwangwani guda wanda ba a taɓa shi sai don fulawa, kullum ki tankaɗe kafin ki auna, ki zuba da cokali, ki shafe da bayan wuƙa. Ki aika yaro da shi sau ɗaya wurin mai shagon da ke da sikeli a auna miki abin da yake ɗauka, ki rubuta ki ajiye. Daga ranar kin san me kike nufi in kin ce gwangwani biyar.

Ko da awon ya daidaita, fulawar kanta tana sauyawa da yanayi, kuma a Zariya sauyin ba kaɗan ba ne. Tana fitowa daga kamfani da danshi kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinta. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke fasa leɓe, buhun da aka buɗe yana bushewa, sai ya riƙa shan ruwa fiye da yadda kika saba. A Agusta kuwa iska cike take da laima, fulawa ta riga ta sha nata tun tana cikin buhu. Ki damƙi tafi guda ki buɗe hannu: ta damina za ta tsaya a dunƙule da shatin yatsunki a jiki, ta hunturu za ta warwatse nan take. Abin da ya sami cincin ɗin 'yar'uwarmu ta Kwarbai ke nan. Ruwan da ya ishi fulawar Agusta bai ishi ta Janairu ba, kwaɓin ya yi ƙarfi, ta yi ta murza shi don ya haɗu, murzar kuma ta ƙara masa tauri.

Ga ƙa'idar da nake so ki riƙe fiye da komai a wannan rubutu. Fulawa ake tsayarwa, da ruwa ake gyara. Ki auna fulawarki sau ɗaya, kada ki sake komawa buhu. Ki rage kashi ɗaya cikin goma na ruwan ko madarar da aka ce, ki kwaɓa, ki rufe na minti goma, sannan ki duba ki ƙara da cokali-cokali. Kuskuren da na fi gani shi ne a juye ruwa duka, kwaɓi ya kama hannu, sai a yi ta barbaɗa fulawa har ya daina. Kowane barbaɗi yana rage rabon sukari da bota da gishiri da yis, a ƙarshe a sami abu mai yawa amma salam. Kwaɓin burodi ko donat da ke ɗan kama hannu a farko lafiyarsa ƙalau. Ki shafa mai a tafinki da kan tire ki ci gaba da murzawa, zai saki da kansa.

Masu gidan burodi suna lissafin komai ne a kan nauyin fulawa, kuma wannan lissafi zai yi miki amfani a gida. A kilo ɗaya na fulawa, burodi yana son ruwa giram 600 zuwa 650, gishiri giram 15 zuwa 20, busasshen yis giram 10. Fanke ya fi ruwa, 800 zuwa 900. Kek na asali kuwa nauyi ɗaya ake ba fulawa da bota da sukari da ƙwai: giram 250 kowanne, wato ƙwan gidan gona biyar, tunda kowanne yana kai giram 50 in an cire ɓawo. Ƙwan kajin gida da na zabi da ke cika kasuwa da damina sun fi ƙanƙanta, don haka ki fasa su a kwano ki auna, kada ki ƙirga. In kin san wannan, ragewa da ƙarawa ba wuya. An ce giram 500, ke kuma 350 gare ki? Ki ɗauki kashi bakwai cikin goma na kowane abu. Yis ne kaɗai ke son lura: babban kwaɓi irin na gara yana riƙe ɗuminsa, a zafin Maris da Afrilu kuma tashi yake yi da gaggawa har ya yi tsami, don haka ki rage masa kusan rubu'i. Da hunturu kada ki ƙara yis, ki kwaɓa da ruwa mai ɗumi ki ba shi lokaci.

Yanzu batun surki. Abin da ya bambanta alkama da sauran hatsi shi ne danƙon da ke cikinta, wanda masana ke kira gulutin. Za ki iya ganinsa da idonki. Ki kwaɓa fulawa cokali uku da ɗan ruwa, ki dunƙule, ki bar shi rabin awa, sannan ki riƙa matsa shi a hankali cikin kwanon ruwa. Ruwan zai yi fari da sitaci, abin da zai rage a hannunki wani ɗan curi ne mai launin toka-toka da ke miƙewa kamar roba. Shi ne ke riƙe iskar da yis ke fitarwa har burodi ya kumbura. Ki gwada da garin dawa, ko gero, ko masara, ko shinkafa, ko acca, ko rogo, komai zai narke ya bi ruwa. Saboda haka duk cokalin da kika cire na fulawa kika maye da ɗayansu, kin rage abin da zai riƙe tashin.

Ƙasar nan ta daɗe tana kokawa da wannan lissafi, don fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da muke ci daga waje ake shigo da ita. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka janye hanin a 1992. A 2005, zamanin Obasanjo, aka umarci kamfanoni su riƙa sa garin rogo kashi 10 cikin 100, a 2012 kuma aka sake tayar da maganar burodin rogo. Nan kusa da mu a Samaru, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin dawa da masara masu yawa. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar naira a 2023 suka sake dawo da tambayar cikin kicin ɗin kowa. Abin da duk wannan gwaji ya nuna bai sauya ba: surki yana yiwuwa, amma yana da iyaka, iyakar kuma ta danganta da abin da ake yi.

Burodi da donat da alkubus, da tashi suke rayuwa, kada surkinsu ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Cincin da biskit da dubulan ba sa buƙatar danƙo sosai, suna ɗaukar rubu'i, kuma garin shinkafa ko na masara mai laushi ƙara musu garɗi yake yi. Kek ma yana amfana. Fulawar da ake sayarwa a buhu ta masu burodi ce, danƙonta ya yi wa kek yawa, don haka a giram 250 ki cire 30 ki mayar da kwanfulawa, ki tankaɗe su tare sau biyu. Da zarar fulawa ta shiga kwaɓin kek kuma a daina bugu, a juya a hankali har farin ya ɓace.

In dawa za ki sa, ki nemi farafara, a surfa ta, a niƙa da laushi, ki tankaɗe da rariyar laushi. Jar dawa tana da ɗan bauri kuma tana rina kwaɓi. Garin gero yana da mai a jikinsa, cikin 'yan kwanaki yake sauya ƙamshi, sai ki niƙa daidai buƙata. A kan rogo ina so in ja kunne. Garin kwaki da alabo ba su ne ake nufi ba, tsaminsu zai ɓata miki aiki. Farin garin rogo ake nufi, wanda aka goge, aka matse, aka shanya a rana guda. Kada ki yanka rogon da ba ki san irinsa ba ki shanya ki niƙa, domin mai ɗaci yana ɗauke da guba da sai an sarrafa shi yadda ya kamata take fita.

Garin alkamarmu ta gida, wadda ake nomawa da rani a fadamu da filayen ban-ruwa irin na Kadawa, nasa hukuncin daban ne. Yana da danƙo, amma yana tare da dusarsa, dusa kuma tana shan ruwa tana kuma yanka danƙon. Iyayenmu da ke funkaso da alkaki tun kafin a san fulawar kamfani sun san haka, shi ya sa suke kwaɓi da ruwa-ruwa su bar shi ya kwana ko ya wuni. In za ki sa shi a burodi, ki fara da kashi ɗaya cikin uku, ki ƙara ruwa cokali ɗaya a kowane giram 100 na garin alkamar, ki bar kwaɓin ya huta rabin awa kafin ki murza. Ni dai ina ganin wannan surkin ya fi kowanne daraja, don ɗanɗano yake ƙarawa ba auki kawai ba. Alkaki kuwa a bar shi da ɓarzajjiyar alkamarsa, fulawa ba ta maye gurbinta.

Sauran musanya a taƙaice. In an ce fulawa mai tashi da kanta, ki sa bekin foda ƙaramin cokali biyu a kowane giram 150. Bekin soda ta fi ta ƙarfi sau uku zuwa huɗu kuma sai da tsami take aiki, kamar nono ko ruwan lemon tsami, in ta yi yawa sai ki ji ɗanɗanon sabulu. Kanwa 'yar'uwar soda ce, tana kashe tsamin waina da alkaki, amma ƙarfinta ba ɗaya ba ne daga dunƙule zuwa dunƙule, don haka ban ba ki shawarar sa ta a kek ba. Bota giram 100 man gyaɗa giram 80 ke maye ta da ɗan madara, sai dai kek ɗin da ake buga bota da sukari ba zai tashi kamar da ba. Kuma duk wanda ya miƙo miki wani farin gari marar suna ya ce yana kumbura burodi, ki ƙi karɓa, don yana iya zama buromet. Hukumar NAFDAC ta haramta sinadarin buromet tun zamanin Dora Akunyili saboda illarsa ga lafiya.

Ke kuma mai fanke, kada ki gwada a kan kwaɓin kasuwa. Ki ware fulawa giram 450 da garin farafara 50, sukari 90, yis 5, gishiri rabin ƙaramin cokali, ki fara da ruwa 400. Ki jiƙa garin dawar da ɗan ruwan ɗumi daga cikin awon na minti goma sha biyar kafin ki haɗa, don kada a ji tsakinsa a baki. Ki buga sosai har kwaɓin ya riƙa bin hannu yana miƙewa. Idan ya tashi, ki soya ki lura da abu biyu: ko yana dunƙulewa a cikin mai, da kuma yawan man da ya sha, domin fanken da danƙonsa ya yi rauni mai yake zuƙa, abin da kika rage a fulawa sai ki biya shi a galan. Ki ajiye guda biyu har la'asar ki ɓara ki ga ko sun yi tauri. In sun tsaya lafiya, a gwaji na gaba ki kai dawar giram 75, ki tsaya a nan.