RIGAR DA TA DACE DA MAI BI: Darasi a Kan Cin Zali a Makaranta

Karatu: Farawa 37:1-36 da Kolosiyawa 3:12-14
Ayar haddacewa: Kolosiyawa 3:12

Gabatarwa

Darasinmu na wannan mako ya shafi 'ya'yanmu da ke makaranta, da abin da waɗansunsu ke haɗiyewa kullum ba tare da sun faɗa a gida ba.

A shekara ta 2019 ƙasashen da ke cikin hukumar UNESCO suka keɓe Alhamis ta farko a watan Nuwamba ta zama ranar yaƙi da cin zali a makarantu, har da wanda ake yi ta waya da intanet. An fara kiyaye ranar a 2020. Rahoton da hukumar ta fitar a 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya sha cin zali daga 'yan'uwansa ɗalibai a cikin wata guda kafin a tambaye shi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara, adadin ya kai kashi 48 cikin ɗari. Ke nan idan yara 40 suka zo Makarantar Lahadi, mai yiwuwa ne da yawa a cikinsu sun san wannan ciwo. Saboda haka maganar ta shafi ikkilisiya.

1. Mene ne cin zali?

Ba kowane faɗa na yara ne cin zali ba. Yara biyu sa'o'in juna sukan yi cacar baki da safe, da rana ka gan su suna cin ƙosai a takarda ɗaya. Haka kuma muna da wasan taubasai da barkwanci tsakanin ƙabilu, al'adar da ta yi ƙarfi a Nijar har UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2014. A irin wannan wasa kowa yana da bakin ramawa, kowa kuma yana dariya.

Cin zali yana da alamomi uku. Ana yinsa da gangan don a ɓata wa mutum rai. Ana maimaita shi, yau da gobe da jibi. Sa'an nan akwai fin ƙarfi: babba a kan ƙarami, taro a kan mutum ɗaya, ɗan gari a kan baƙo. Yakan zo ta duka da ƙwace kuɗin tara. Yakan zo ta baki, wato laƙabi na wulaƙanci da ba'a. Yakan kuma zo a shiru, inda 'yan aji za su haɗa baki su daina yi wa yarinya magana, ta zauna a benci kowa ya matsa. Rahoton da muka ambata ya ce abin da aka fi tsangwamar yara a kansa shi ne siffar jikinsu, sai asali ko launin fata, sa'an nan addini. Mu ma mun san su: yaro mai i'ina, zabiya, gurgu, wadda rigarta ta yage, wanda Hausarsa ba ta fita sosai, wanda sunansa ya bambanta da na sauran.

Ga ma'auni mai sauƙi da za ku koya wa yara: idan mutum ɗaya ne kaɗai ba ya dariya, to, abin ya tashi daga wasa.

2. Rigar Yusufu

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan zunubi ba, ya kuma nuna shi a cikin gidan mutumin Allah. Yusufu yana da shekara 17. Mahaifinsa Yakubu ya fi ƙaunarsa, ya yi masa riga ta musamman. Ku lura da yadda abin ya yi ta hawa mataki mataki. Da fari yayyensa suka daina yi masa maganar alheri (aya 4). Daga nan suka laƙaba masa suna saboda mafarkansa (aya 19). Sai suka tuɓe masa rigar, suka jefa shi a busasshen rami a Dotan. A ƙarshe suka sayar da shi a bakin azurfa 20. Abin da ya ƙare da ciniki, da baki ya fara. Shi ya sa bai kamata babba ya ji ana kiran yaro da sunan ba'a ya ce, "Ai magana ce kawai." Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.

Aya ta 25 tana da ban tsoro. Bayan sun jefa ƙanensu a rami, sai suka zauna cin abinci. A sura ta 42 aya 21 ne muka ji daga bakinsu cewa a lokacin Yusufu yana roƙonsu, suna ganin azabarsa, suka ƙi ji. Fiye da shekara 20 sun wuce, amma kukan yaron bai fita daga kunnensu ba. Cin zali yana raunata wanda aka yi wa, yana kuma bin wanda ya yi.

Gaskiya ne Yusufu yakan kai ƙarar yayyensa, ya kuma faɗi mafarkansa ba tare da lura da zuciyarsu ba. Amma nassi bai taɓa ɗora masa laifin ramin ba. Mu kiyayi tambayar da mukan yi wa yaro in ya zo da kuka: "Kai me ka yi musu?" Sau da yawa wannan tambaya ce take rufe bakinsa har abada.

Yakubu ma yana da nasa rabo. Ya nuna bambanci a fili, ya ga kishin da ke tsakanin 'ya'yansa, duk da haka ya aiki yaron shi kaɗai zuwa wurinsu. Iyaye da malamai, fifita yaro ɗaya a gaban sauran yakan zama itacen da ake hura wutar da shi.

3. Ra'ubainu da masu kallo

A cikin labarin akwai mutum ɗaya da zuciyarsa ba ta yarda ba, shi ne Ra'ubainu, babban wansu. Ya hana a kashe yaron, wannan kuwa abin yabo ne. Amma bai tsaya a fili ya ce a sake shi ba. Ya ba da shawarar rami, da nufin ya komo a ɓoye ya fitar da shi. Da ya komo, ramin ba kowa. Nufinsa mai kyau ne, amma ya makara.

Yawancin yaranmu ba su ne masu duka ba, ba su ne kuma ake duka ba. Su ne Ra'ubainu: suna gani, abin yana damunsu, amma suna tsoro kada a juyo kansu. Masu bincike a Kanada sun ɗauki hoton bidiyo na filin wasan makarantun firamare a birnin Toronto, suka buga sakamakon a 2001. Sun tarar cewa a mafi yawan lokutan da ake cin zalin yaro, akwai waɗansu yara a wurin suna kallo, kuma ba safai suke sa baki ba. Amma idan wani ya sa baki, fiye da rabin lokutan abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Dalilin a fili yake. Mai cin zali yana neman 'yan kallo, dariyarsu ce ladansa. In aka hana shi wannan lada, ƙarfinsa ya ragu.

Ga misalin da ya faru. A watan Satumba na 2007, a wata makarantar sakandare a lardin Nova Scotia na ƙasar Kanada, wani sabon ɗalibi ya zo da riga ruwan hoda a ranar farko. Waɗansu suka yi masa ba'a, suka yi barazanar dukansa, don a ganinsu launin na mata ne. Manyan ɗalibai biyu, David Shepherd da Travis Price, suka ji labari. Suka je kanti suka sayi riguna ruwan hoda guda 50, suka aika wa abokansu saƙo a daren. Kashegari ɗaruruwan ɗalibai suka zo makaranta da tufafi ruwan hoda. Daga nan ne aka sami Ranar Riga Ruwan Hoda, wadda ake kiyayewa a Kanada a Laraba ta ƙarshe a watan Fabrairu, ta kuma bazu zuwa waɗansu ƙasashe. Waɗannan samari ba su ɗaga hannu a kan kowa ba. Sun dai sa abin da ake yi wa yaron ba'a a kansa, don kada ya tsaya shi kaɗai.

Ku dubi Yahuza kuma. Shi ne ya kawo shawarar sayar da Yusufu. Amma a Farawa 44, da aka tashi riƙe Biliyaminu a Masar, shi ne ya matso ya roƙa a riƙe shi bawa a maimakon ƙanensa. Allah yana iya sāke mai cin zali ya zama mai kāre na ƙasa da shi. Kada mu fid da rai a kan yaron da ake kawo ƙararsa. Sau da yawa abin da ake yi masa a gida ne yake saukewa a kan wani.

4. Rigar ba'a da aka sa wa Yesu

Ɗana, 'yata, in kai ne ko ke ce ake tsangwama, ku saurara. A Markus 15:16-20 sojoji suka tara dukan ƙungiyarsu a kan mutum ɗaya. Suka yafa wa Yesu riga ta shunayya, suka sa masa kambin ƙaya, suna durƙusa masa da ba'a, suna tofa masa yau, suna bugunsa a ka. Taro a kan mutum ɗaya, da dariya, da duka: duk abin da ake yi a bayan aji an yi wa Ɗan Allah. Saboda haka in ka yi addu'a, kana magana ne da wanda ya san zafin abin a jikinsa (Ibraniyawa 4:15).

Sunan da suka laƙaba maka ba shi ne sunanka a wurin Allah ba. An halicce ka cikin siffarsa (Farawa 1:27). Kuma ka sani, haƙuri na Kirista bai hana ka faɗa ba. Lokacin da wani dogari ya mari Yesu a gaban babban firist, ya buɗe baki ya tambaye shi dalili (Yahaya 18:22-23). Bulus ma, da aka shirya yi masa bulala ba bisa doka ba, ya yi magana (Ayyukan Manzanni 22:25). Gaya wa babba abin da ake yi maka neman taimako ne, ba tsegumi ba. In na farko bai saurara ba, ka gaya wa na biyu. An hana mu ramuwa (Romawa 12:19), amma ba a umarce mu mu ɓoye mugunta ba.

5. Rigar da aka ce mu sa

A Kolosiyawa 3 manzo Bulus ya kwatanta halin mai bi da tufafi. Akwai waɗanda za a tuɓe, kamar fushi da zagi da ƙazamar magana. Akwai waɗanda za a sa, kamar tausayi da kirki da haƙuri, ƙauna kuwa ita ce ta sama da ke ɗaure su duka. Tufa abu ne da ake sawa kowace safiya, ana kuma ganinsa daga nesa. Ranar tunawa sau ɗaya take zuwa a shekara, tana da amfani don tana buɗe bakin mutane. Amma yaron da ake tsangwama yana zuwa makaranta Litinin zuwa Jumma'a.

Ga abin da kowa zai iya yi.

Ɗalibai: Kada ka yi dariya in ana wulaƙanta wani. Kada ka tura hoto ko saƙon ba'a da aka turo maka a waya. Ka kira mutum da sunansa na gaskiya. A lokacin tara, ka nemi wanda ke zaune shi kaɗai ka zauna tare da shi, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba. In kana tsoron tsayawa kai kaɗai, ka nemi aboki ku tsaya tare, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manyan ɗalibai a makarantun kwana, kada ku ce, "Mu ma haka aka yi mana." Bari abin ya ƙare a kanku.

Iyaye: Ku lura in yaro ya fara ƙin zuwa makaranta, yana yawan kukan ciwon ciki da safe, littattafansa suna ɓacewa, ko ya daina cin abinci. Rahoton UNESCO ya ce yaran da ake yawan cin zalinsu sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen fashin makaranta. Kafin ku ɗauki bulala, ku zaunar da shi ku tambaya. In ya faɗa, ku je wurin malaminsa ko shugaban makaranta cikin natsuwa, ku kuma koma bayan mako guda ku ji inda aka kwana. Ku kula da bakinku a gida, gama yaron da ya ji ana zagin wata ƙabila a tsakar gida zai kai zagin aji.

Malamai da shugabannin ikkilisiya: Laƙabin da malami ya sa wa yaro a gaban aji yakan bi shi har girma. A Makarantar Lahadi da ƙungiyar matasa, ku duba wa ake bari a baya in ana rabon aiki ko waƙa. Kuna iya keɓe Lahadi mafi kusa da Alhamis ta farko a Nuwamba don wannan koyarwa, ku gayyaci malaman makarantar unguwa su zo.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Ta yaya za mu bambanta wasa da cin zali a cikin gidajenmu?
2. Me ya kamata Ra'ubainu ya yi a Dotan? Me ya hana shi?
3. Wane yaro ne a ikkilisiyarku ko unguwarku ake barinsa shi kaɗai? Wa zai je wurinsa a wannan mako?

Addu'a

Ya Uba na sama, kai ne mai ganin hawayen da yara ke ɓoyewa. Ka ta'azantar da kowane ɗalibi da ke jin tsoron wayewar gari saboda makaranta. Ka ba 'ya'yanmu ƙarfin hali su tsaya tare da wanda aka ware. Ka juyo da zuciyar masu cin zali kamar yadda ka juyo da Yahuza. Ka buɗe idanun iyaye da malamai, ka tsarkake bakinmu a gida da a aji. Ka suturta mu da tausayi da ƙauna kowace safiya. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.