Yadda Haƙuri Ya Ceci Intanet

Ina so in ba ku labarin wani darasi da malaminmu na ilmin kwamfuta ya koya mana, wanda har yanzu yake yi mini yawo a zuciya. Ya tambaye mu, "Wane ne ɗan sandan da ke ba da hannu a kan intanet?" Muka yi shiru. Ya ce babu shi, sa'an nan ya ba mu tarihin abin.

Da farko dai, saƙo ba ya tafiya a dunƙule. Kwamfuta takan yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana ce da shi ƙunshi. In ƙunshi ya isa, mai karɓa ya aiko da amsa cewa ya samu. In amsa ba ta zo ba, sai a sake aikawa. Wannan ƙa'ida ita ake kira TCP, wadda Vint Cerf da Bob Kahn suka bayyana a Amurka cikin 1974.

To, cikin watan Oktoba na 1986 sai abu ya ɓaci. Tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley bai wuce yadi 400 ba, amma saurin saƙo tsakaninsu ya faɗo daga bit 32,000 a daƙiƙa zuwa bit 40 kacal. Bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin saƙo. Ga shi kuwa waya ba ta tsinke ba. Abin da ya faru shi ne, na'urorin da ke kan hanya sun cika, suna zubar da ƙunshin da ba su da wurin ajiyewa. Kowace kwamfuta kuwa da ta ji shiru sai ta sake turo nata, cunkoso ya ƙaru a kan cunkoso. Da na ji haka sai na tuna da ƙofar ɗakin cin abincinmu in an buga ƙararrawa: kowa na turawa, ba mai shiga.

Wani masani mai suna Van Jacobson, tare da Michael Karels, suka binciki matsalar, aka bayyana maganinta cikin 1988. Dabarar ita ce, kwamfuta ta fara da ƙunshi ɗaya. In amsa ta dawo ta aika biyu, sa'an nan huɗu, sa'an nan takwas. Da zarar ƙunshi ya ɓace, sai ta ɗauka hanya ce ta cika. Nan take ta koma ɗaya, ta hau zuwa rabin inda ta tsaya, daga nan kuma ta riƙa ƙara ɗaya-ɗaya. Watau ja da baya da sauri, ci gaba a sannu.

An sa wannan dabara cikin manhajar Unix ta Berkeley, wadda jami'o'i da yawa ke aiki da ita. Cikin 1989 kuma aka rubuta cikin ƙa'idodin intanet cewa wajibi ne kowace kwamfuta mai aiki da TCP ta bi ta. An yi ta gyare-gyare daga baya, har ma sabuwar ƙa'idar QUIC, wadda aka tabbatar cikin 2021, ba ta bar wannan tarbiyya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, kwamfutar da ta ƙi ragewa tana iya cinye rabon sauran, amma in duk suka yi haka, kowa ya rasa. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Saboda haka, duk ran da na ga hoto yana buɗewa a hankali a wayar babana, na daina tsaki, don mai yiwuwa wayar tana matsa wa wani ne ya wuce. Mu kuma da ke da hankali, me zai hana mu gwada haka gobe a bakin famfo?

Allah ya sa mu gane, amin.