Darasi: Idan Yaro Ya Ƙi Cin Abincin Rabo

 Darasin wannan fitowa ya shafi wani kuka da muke yawan ji daga bakin iyaye mata, musamman waɗanda ba su daɗe da isowa ba: an dama wa yaro kunun garin rabo ya kau da kai, an dafa masa waken nan rawaya mai ɓari biyu ya tofar. Uwa ta gwada sau biyu ko uku, ta gaji, sai garin ya tafi kasuwa a kan kuɗi kaɗan, ko manya su shanye. Bayan 'yan watanni a auna damtsen yaron a ga ya faɗa. Saboda haka muka zauna da ma'aikatan lafiya muka tattaro abin da ya kamata kowane gida ya sani.

Me ya sa yake ƙi?

Da farko dai, ba iskanci ba ne, ba kuma sangarta ba ce. Ana haihuwar jariri da son zaƙi da ƙin ɗaci, kuma tsakanin shekara 2 zuwa 6 yawancin yara a duniya suna ƙyamar duk abincin da ba su saba gani ba. Ɗan mai kuɗi a Maiduguri yana yi, ɗan talaka a ƙauye yana yi. Namu yaran kuwa suna da ƙarin dalili. Yaron da ya bar gidansu da dare, ya rasa tukunyar da ya sani da kakar da ke ba shi a baki, ba abin da ya rage a hannunsa da zai ce a'a a kai sai abinci. Babba yakan ce da babu gara ba daɗi, ya haɗiye. Ɗan shekara 3 bai san wannan lissafin ba.

Masana abincin yara sun gano cewa yaro kan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau 8 zuwa 15, a ranaku daban-daban, kafin bakinsa ya karɓa. Ku lura da wannan adadi da kyau. Yawancinmu a karo na uku muke yanke hukunci cewa ba ya so, alhali ko rabin hanya ba a kai ba. Ko lasa kawai ya yi, ko ya sunsuna ya ajiye, a ƙirga shi cikin lissafi.

Sai kuma mu manya. Yaro yana karanta fuskar uwarsa kafin ya buɗe baki. Idan ta miƙo kofin tana yamutsa fuska, ko uban yana cewa wannan ai abincin baƙi ne, to an gama magana. Mun kuma san jita-jitar da ke yawo cewa ana zuba maganin hana haihuwa a garin. Ba gaskiya ba ne. Garin da ake kira Super Cereal, wanda hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke rabawa, PAM kenan a bakin mutanen Kamaru, masara ce da waken suya aka niƙa, aka ƙara sinadaran bitamin da na ƙarin jini. Na ƙananan yara 'yan wata 6 zuwa 23, wato Super Cereal Plus, an ƙara masa madarar gari da sukari da mai. Waken suyan nan dai shi ne na awarar da yaranmu ke rububi a bakin makaranta. Ita masarar ma da muke ɗauka gadon kakanni ce, baƙuwa ce: daga nahiyar Amurka ta fito, ta iso Afirka shekaru kusan 500 da suka wuce, kuma ana danganta sunanta na Hausa da ƙasar Masar. Haka gyaɗa da rogo da tumatir da barkono. Akwai ranar da wata kaka ta fara ganin barkono ta ce ba da ita ba.

A kai shi ga ɗanɗanon gida

Abin da ya fi aiki shi ne a haɗa baƙon abinci da wanda yaro ya riga ya sani. Idan kunun gero ko na dawa ya saba sha, a fara da zuba garin rabo kaɗan a ciki, a riƙa ƙarawa kowace rana har ya rinjaya. A kwaɓa garin da ruwan sanyi mai tsabta tukuna don kada ya yi gudaji, sannan a bar shi ya tafasa minti 5 zuwa 10 ana juyawa. Sau da yawa gafin waken da yaro ke gudu na rashin dahuwa ne kawai. A zuba ɗan ruwan tsamiya, ko markaɗaɗɗiyar gyaɗa, ko garin 'ya'yan kuka bayan an sauke. Kanwa ce dai ba mu so a wannan kunun, domin tana kashe wasu daga cikin bitamin ɗin da aka zuba. Kuma ya yi kauri yadda zai zauna a cokali. Cikin yaro ƙarami ne, kunu tsararo yana cika shi da ruwa ne kawai.

Waken rawaya kuwa ɗan'uwan waken gida ne a wajen gina jiki. A jiƙa shi tun dare, da safe ya dahu da wuri, an rage itace kenan, an kuma rage fitar mata da 'yan mata daji neman makamashi, wanda mu a ɓangaren kariya ba ƙaramin damunmu yake yi ba. Jiƙaƙƙen yana niƙuwa a yi ƙosai ko alale, kuma da wuya ka ga yaron da ya mai da ƙosai. Ana iya dafa shi ya narke a cikin miyar kuka ko ta kuɓewa yadda ba za a gan shi ba. Ɗan daddawa kaɗan yana mai da kowace tukunya ta gida.

Ku riƙa leƙa tukunyar maƙwabtanmu 'yan ƙasa ma. Ganyen da suke kira folere yakuwarmu ce, tasba kuma tafasa ce. Suna ne ya bambanta.

Ɗura da duka

A nan za mu tsaya kaɗan. Da yawanmu da ɗura aka raine mu: a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara kunu da tafin hannu. Uwar da ke yi ba mugunta take nufi ba, tsoron rama ne. Amma yaron da ke kuka an toshe masa hanci, kunun yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, ya jawo ciwon haƙarƙari, wani lokaci ma ya shaƙe nan take. Wanda ya tsira kuma ya koyi cewa kofi abin tsoro ne. Haka duka, haka razana shi da cewa sojoji ko 'yan bindiga za su zo in bai ci ba. Don Allah a bar wannan. Yaranmu sun ga abin da ya ishe su.

Maimakon haka, a ba yaro kwanonsa shi kaɗai, don a ga abin da ya ci, kada yayye su rigaye shi. A zuba kaɗan, cokali biyu ko uku, kusa da abin da yake so. A zauna a gabansa a ci irin nasa yana gani, ko a zaunar da shi cikin sa'anninsa masu ci, domin yaro ya fi kwaikwayon yaro. In ya ƙi, a ɗauke ba faɗa, a sake gwadawa gobe. Kada a cika masa ciki da shayi ko alewa gab da lokacin abinci. Ɗan wata 6 zuwa 8 yana cin abinci sau 2 ko 3 a rana, daga wata 9 zuwa 23 sau 3 ko 4, kuma a ci gaba da ba shi nono har shekara 2.

Lokacin da ba zaɓen abinci ba ne

Mukan ce a ƙyale shi, in ya ji yunwa zai ci. Wannan gaskiya ne ga lafiyayyen yaro da ke ƙin abu ɗaya yana cin wani, yana wasa, yana ƙiriniya. Amma tamowa tana kashe sha'awar abinci, yaron da ta kama ba ya jin yunwar da ake jira. Idan ya ƙi komai har nono, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko gudawa ta ƙi tsayawa, ko ya yi laushi ba ya wasa, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura yadda in aka danna da yatsa wurin zai lotsa, a kai shi asibitin sansani a ranar, kada a jira gari ya waye. A duba bakinsa ma, wani lokaci gyambo ne ko farin kumfa a harshe ke hana shi ci.

A can za a auna damtsensa da ɗan tef mai launi uku. Kore lafiya, rawaya yana buƙatar taimako, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Irin wannan yaron ake ba Plumpy'Nut, haɗin gyaɗa da madara da sukari da mai a ƙaramar leda mai giram 92. Magani ne, ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, ba a raba shi da sauran yara, sai dai a ba shi ruwa mai tsabta ya kora. Wasu yaran in sun gama shan sa sukan raina kunun gida saboda bai kai shi zaƙi ba, sai a koma ga dabarar gyaɗa a kunu da haƙurin sau 15 ɗin nan.

Awo da magani da abincin rabo duk kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi ko wani abu daban a wurinku kafin ya ba ku, ku zo ofishin kariya ku faɗa mana. Akwai mai fassara, kuma maganarku ba za ta fita ba.