Filin Gwaggo: "Malamina ya ce littafi yake so, ni kuwa fim kawai na sani"

Wasiƙun wannan makon duk daga Minna suka fito, kuma duk a kan fim ne da abin da aka rubuta game da shi. Masu jiran amsa kan kishiya da lefe su yi haƙuri sai mako mai zuwa, ko da yake akwai ɗan rikicin aure a wasiƙa ta biyu.

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, aikin jarida nake karantawa. Furojet ɗina a kan yadda ake nuna zawarawa ne a fina-finan Hausa. Malamin da ke duba aikina ya dawo mini da babi na biyu, ya ce duk abin da na kawo daga Facebook da YouTube ne, shi littafi yake son gani. Na zaga shagunan littattafai daga Mobil har Kasuwar Kure ban samu ko ɗaya ba. A gida kuma Baba bai san a kan fim nake rubutu ba, don ko sunan 'yan fim ba ya son ji. Ƙawayena sun ce in biya wani ya rubuta mini in huta. Lokaci ya ƙure, me zan yi? — 'Yarki daga Bosso

'Yata, maganar biyan wani ki ajiye ta tun yanzu. Ranar da za ki tsaya kare aikin, ke za a yi wa tambaya, wanda ya karɓi kuɗinki yana gida yana barci. Malaminki kuwa gaskiya ya faɗa, laifinsa ɗaya ne, da ya kore ki bai ba ki sunayen littattafan ba. Irinsu ba a cika sayar da su a kasuwa ba, a laburare suke zama.

Wanda za ki fara nema shi ne Hausa Home Videos: Technology, Economy and Society, wanda ya fito a Kano a 2004. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril ne suka tattara shi daga takardun taron da aka yi a Kano a 2003, inda malaman jami'a da 'yan fim suka zauna wuri ɗaya. Amfaninsa gare ki shi ne muryoyi da yawa ne a ciki, masu yabo da masu suka, har da batun mata. Farfesa Abdalla ya ci gaba da rubutu sosai bayan nan, musamman kan yadda fim ɗin Hausa ya ɗebo soyayya da rawa da waƙa daga Indiya, kuma maƙalunsa da yawa suna intanet kyauta. Ki rubuta sunansa ki nema, za ki sami abin da ya fi ƙarfin babi ɗaya.

Na biyu shi ne Signal and Noise na Brian Larkin, na 2008. Ya zauna a Kano ya bi tarihin kallo tun daga majigin Turawan mulki, da buɗe silimar Rex a 1937, har zuwa cinikin kaset a Ƙofar Wambai. Turancinsa yana da nauyi, kada ki ce sai kin cinye shi duka. Ki karanta babin silima da na fim ɗin bidiyo. Idan kina son sanin dalilin da ya sa har gobe ake kallon macen da ta shiga fim da wani ido, tushen yana can, a yadda mutanen gari suka ɗauki gidan silima tun farko. Sai Carmen McCain, wadda 'yan fim ke kira Talatu, da ta kammala kundin digirinta na uku a Jami'ar Wisconsin a 2014 a kan adabi da fina-finan Hausa. Don ki san inda Kannywood ta tsaya a cikin ƙasa baki ɗaya kuma, Jonathan Haynes yana da Nigerian Video Films, wanda aka fara bugawa a Jos a 1997 aka faɗaɗa shi a 2000.

Ki je laburaren makarantarku ki tambayi ma'aikacin sashen intanet, ba ɗan'uwanki ɗalibi ba, ya nuna miki rumbunan mujallun ilimi da makarantar ke da izinin shiga. Ɗalibai da yawa suna gama karatu ba su taɓa taka wannan ɗakin ba. Akwai kuma kundayen da ɗalibai suka rubuta da Hausa a sassan harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo. Na Zariya wasu suna rumbun jami'ar na intanet mai suna Kubanni. Ki duba yadda suka tsara aiki da littattafan da suka ambata a ƙarshe, amma kada ki kwafa, malamai sun san warin kwafi.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. Yawancin littattafan nan sun girmi zamanin fim mai dogon zango. Tashar Arewa24 a 2014 ta fara aiki, Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina duk bayan nan suka zo. Saboda haka littafi zai cika miki babi na biyu ne kawai. Babi na huɗu naki ne, kuma nan ne kallon da kike jin kunyarsa zai yi miki rana. Ki zaɓi fina-finai kaɗan, ki sayi littafin rubutu, ki zauna da biro: sunan fim, shekara, kamfani, darakta, sannan minti na nawa bazawarar ta fito, me ta sa, wa ya yi mata magana, da wace murya, kuma yaya labarinta ya ƙare. Wannan ba wanda ya taɓa rubuta shi sai ke.

Baba kuma ki faɗa masa, ta bakin Mama in ya fi sauƙi. Nazarin fim daban, shiga fim daban. Farfesan nan da na ambata ya shugabanci Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa daga 2016 zuwa 2021, rubutu a kan fim bai rage masa mutunci ba. Gara ya ji daga gare ku da ya gani a bangon kundin ranar da kika kawo shi gida.

Gwaggo, ki raba ni da maigidana. Ɗaki biyu muke haya, ɗaya ya cika shi da kwalayen tsofaffin kaset na bidiyo da mujallun fim tun na kafin aurenmu. Ko bidiyon kunna su ba mu da shi. Ga yara sun girma, ga kyankyasai. Na yi niyyar ranar da ya yi tafiya in kira 'yan gwangwan su kwashe kaset ɗin, mujallun kuma in ba mai ƙosan layinmu. — Uwargida daga Limawa

Uwargida, kada ki kuskura. Da farko dai kayan mutum ba a zubar masa a bayan idonsa, ko tsumma ne. Ɗakin da za ki samu ba zai biya ki zaman lafiyar da za ki rasa ba. Na biyu kuma, ki sake karanta wasiƙar da ke sama. Abin da yarinyar nan ke yawon nema a gari, wani ɓangarensa yana ɗakinki.

Tarihin Kannywood na shekarun farko a mujallu ya fi zama. Tauraruwa, wadda Sunusi Shehu Daneji ya yi wa edita, a cikinta sunan Kannywood ya fara fitowa. Mujallar Fim ta Ibrahim Sheme ta fara fita a watan Maris na 1999, ta bi masana'antar wata bayan wata: wa ya shirya me, wa aka dakatar, me Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta ce bayan kafa ta a 2001. Bangon kaset kuma yana ɗauke da sunan kamfani da darakta da 'yan wasa, abin da sau da yawa ba a samu a kwafin da ake ɗorawa a YouTube, inda ake yanke farko da ƙarshe. Idan cikin kwalayen nan akwai Sangaya ko Wasila ko Ki Yarda Da Ni da bangonsu na asali, masu bincike za su yi murna da su.

Amma kina da gaskiya ta wani gefen, kuma ki faɗa masa na ce haka. Tara kaya a kwali ba adanawa ba ne. Zafin Minna na watan Maris da Afrilu da laimar damina suna cinye zaren kaset, ya yi fumfuna ya manne. Gara kuma ba ta tambayar darajar takarda. In da gaske yana son su, ya sayi akwatin ƙarfe, ya jera kaset ɗin a tsaye nesa da bango, ya rubuta sunayen abin da yake da shi, ya ɗauki hoton shafukan mujallun da waya, ya nemi masu juyar da kaset zuwa kwamfuta. Waɗanda ya ga yana da biyu-biyu ya kai wa sashen aikin jarida ko na Hausa a wata makaranta. Ki ba shi wa'adi, zuwa ƙaramar Salla misali, ki ce rabin ɗakin na yara ne. In ya ƙi motsi, sai ki kai ƙara wurin yayarsa, ba wurin 'yan gwangwan ba.

Gwaggo, ni tela ne, ina da labarai a kaina da nake son su zama fim. Wani a WhatsApp ya ce in tura masa kuɗi ya ba ni littafin sirrin rubuta fim, kuma ya haɗa ni da manyan furodusoshi. Turancina ba shi da ƙarfi. — Ɗanki daga Kpakungu

Ɗana, riƙe kuɗinka. Rubutun fim ba shi da sirri, ƙa'ida gare shi, kuma an daɗe da buga ta. Littafin da aka fi koyarwa da shi shi ne Screenplay na Syd Field, na 1979, ga kuma gundarinsa a taƙaice: shafi ɗaya na sikirif kusan minti ɗaya ne a allo, kashi ɗaya cikin huɗu na farko ka gabatar da mutanenka da matsalarsu, rabin tsakiya ka tsananta musu, kashin ƙarshe ka warware. Kowace fitowa ka fara da rubuta inda ake, ciki ko waje, dare ko rana, sannan abin da ido zai gani, sannan magana. Abin da kyamara ba za ta iya ɗauka ba, kamar "ta tuna da mahaifiyarta a zuci", ba ya shiga sai ka nemo yadda za a gan shi.

Ni dai ban yarda a bi Field ido rufe ba. Don fim ɗin Amurka na awa biyu ya yi lissafinsa, mu kuwa yanzu labari mai zango-zango ake yi, kowane kashi yana bukatar abin da zai sa a dawo mako mai zuwa. Don haka ka haɗa da naka karatun: ka ɗauki kashi ɗaya na shirin da kake so, ka tsayar da shi bayan kowace fitowa, ka rubuta abin da ya faru da tsawonsa. Kai da ka saba warware tsohuwar riga don ka ga yadda aka yanka ta, wannan ba zai ba ka wuya ba.

Ka nemi abokin karatu mai Turanci, ku riƙa bin littafin shafi-shafi. Minna ba ta rasa marubuta ba. Garin da aka haifi Cyprian Ekwensi da Ben Okri ne, akwai reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, akwai kuma cibiyar Hill-Top da B.M. Dzukogi ya kafa don horar da matasa. In abin ya kama ka sosai, Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa tana Jos. A can za ka haɗu da Film Art na David Bordwell da Kristin Thompson, da ɗan littafin Walter Murch kan tace hoto, In the Blink of an Eye, inda ya ce cikin dalilai shida na yanka hoto, motsa zuciyar mai kallo shi kaɗai ya ɗauki kashi 51 cikin ɗari. Kuma kada ka tura wa kowa cikakken labarinka kafin ku yi yarjejeniya a rubuce da shaidu.

Gwaggo, musu ne ya kaure a teburin mai shayi. Ni na ce Turmin Danya ne fim ɗin Hausa na farko, abokina ya ce Shaihu Umar. Wanda ya faɗi zai biya shayin mako guda. — Mai karatu daga Tunga

Kowannenku ya kama gefe ɗaya. Turmin Danya, na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano, a 1990 ya fito, kuma daga kansa ake ƙirga fim ɗin bidiyo na kasuwa, wato abin da ya zama Kannywood. Shaihu Umar ya girme shi da shekara 14: Adamu Halilu ya yi shi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, a kan zaren silima. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Amma shi ma ba shi ne farkon Hausa a allo ba, domin tun shekarun 1950 majigi ke yawo da Baban Larai, fim ɗin wayar da kai kan noman auduga. Abokinka ya fi ka kusa da gaskiya in shekaru ake bi, kai kuma ka fi shi in Kannywood ake nufi. Shi ya biya na kwana uku, kai ka biya na huɗu.